Kotso da Hauya: Mai Fasaha da Neman Abinci

Da wuya ka shiga ɗakin kwana ɗaya a makarantar nan ba ka tarar da mai wata baiwa ba. Wani waƙa ya ke tsarawa a bayan littafin lissafi, wani zane ya ke yi, wani labari ya ke rubutawa ana karɓa hannu da hannu har takardun su yi laushi. Wani kuwa in ya kwaikwayi muryar mai tallar magani a kasuwa sai kowa ya riƙe ciki don dariya. Duk wannan yana yi mana daɗi ne domin ƙararrawar cin abinci tana kaɗawa a kan lokacinta. Ranar da muka ajiye alƙalamin jarrabawar WAEC da NECO, aka ce kowa ya ɗauki akwatinsa, ƙararrawar nan ta daina kaɗa mana ke nan. Daga ranar tambayoyi biyu za su tare kowane mai fasaha a cikinmu. Da me zai ci abinci kafin fasahar ta fara ba shi? In kuma ya je neman aiki, me zai ce game da ita? Su na ke so mu duba tare, da ni da 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu da mujallar nan za ta kai hannunsu.

Bari mu fara da na gida. Duk faɗin ƙasar Hausa babu inda ba a san Ibrahim Narambaɗa ba, kuma mutumin Tubali ne, nan cikin ƙasar Shinkafi. Shi ne makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, shi ya yi Bakandamiya wadda har yau malaman jami'a ke nazarinta. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, ba a fada ya fara ba. Da kiɗan noma ya fara, watau irin kiɗan da a ke yi wa samari a gona ranar gayya, makaɗi yana biye da su kunya kunya, yana zuga wanda ya yi gaba, yana zolayar wanda ya yi baya. Ladan irin wannan kiɗa kuwa galibi hatsi ne da kaka. Haka Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana yi wa wansa Kurna amshi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Mamman Shata ma, can ƙasar Katsina, ya yi tallar goro yana saurayi, kuma bai rabu da noma ba ko bayan da sunansa ya cika duniya.

Mutanen da ba su sha wahalar raba lokaci kamar yadda za mu sha ba, domin shekara da kanta ta raba musu. Damina ta gona ce. In aka yi kaka, rumbu ya cika, sai bukukuwa su tashi, a shiga dambe da kokawa da aure da naɗin sarauta, makaɗi ya saɓa kotsonsa ya shiga gari. Ko bai samo kome ba, gero na nan a gida. Gonar nan ita ce ta ba shi damar ya zauna ya gyara waƙa sau goma kafin ya fito da ita, ita ce kuma ta hana shi ya yi wa kowane mai kwabo kirari don yunwa.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu lura da shi. Makaɗin fada ma'aikaci ne sosai, ko da ya ke ba a ba shi takardar kama aiki ba. Yana da ubangida ɗaya, yana da lokacin da dole a gan shi, kamar hawan salla da tafiyar sarki, ana kuma biyansa da riga da doki da hatsi. Kafin a karɓe shi kuwa sai ya gabatar da kansa. Ba zai tsaya ƙofar fada ya ce, "Ranka ya daɗe, na iya waƙa ƙwarai" ba. Sai ya binciko asalin sarki da kakanninsa da garuruwan da ke ƙarƙashinsa, ya tsara waƙa, ya horar da 'yan amshi, sa'an nan ya zo da abin a kammale. Fadawa su ji, sarki ya ji, a yanke hukunci. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, mu fa ina gonarmu? Wannan ita ce tambayar da ke da ciwo. Kowa a nan ya san dangin da suka bar gonakinsu na nesa da gari a ƙasar Zurmi da Shinkafi saboda ɓarayin daji, waɗansu ma sun taso gaba ɗaya sun dawo Ƙaura ko Gusau. Aikin albashi ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929 aka sami akawu da lebura da yaron kanti a zamanin gyaɗa da auduga. Amma a da ƙari ne a kan noma. Yau ga da yawa daga cikinmu shi ne zai maye gurbin gonar ɗungum: koyarwa a makarantar kuɗi, ko tsaron shago, ko zama a rumfar cirar kuɗi, ko gyaran waya, ko ɗinki, ko buga takardu a shagunan da ke cin kasuwar ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Ƙaura a 1983. Bambancinsa da gona shi ne ba shi da rani. Mai shago yana son ka Litinin, yana son ka Asabar, da damina da bazara.

Na san akwai masu cewa duk wannan tsohon zance ne, yanzu waya ta isa, ka sa waƙarka a TikTok ko YouTube duniya ta san ka. Gaskiya ne waya ta buɗe ƙofar da Narambaɗa bai taɓa mafarkinta ba. Amma mu 'yan Zamfara bai kamata mu manta da shekarar 2021 ba. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata daga makarantar Jangebe, aka rufe makarantun kwana. A watan Satumba aka katse layukan waya a jihar, aka kuma hana cin kasuwannin mako. Ina firamare a lokacin, amma na ga samarin unguwarmu da ke taƙama da yawan mabiya sun wayi gari wayar ta zama fitila kawai. Tela bai daina ɗinki ba, mai aski bai daina aski ba. Wanda duk abincinsa ya rataya a kan abu ɗaya da wani zai iya kashewa da umurni ɗaya, lalle yana cikin haɗari.

Yanzu mu koma ga 'yan boko irinmu, mu ga yadda na farko suka yi. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin waɗanda aka buga littattafansu akwai Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, da wansa Malam Bello Kagara da Ganɗoki, da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar. Dukansu ukun nan malaman makaranta ne a lokacin. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekarunsa 22 kacal, watau ya girme ni da shekara shida. Bai ajiye alli ba don an yaba littafinsa. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya na 'yan watanni ya rubuta Magana Jari Ce, ya gama ya koma ajinsa. Sai da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 aka ba shi edita, sa'an nan rubutu ya zama shi ne aikin da ke ciyar da shi. Shekara shida ke nan tsakanin gasar da kujerar edita. Ni a ganina Ruwan Bagaja ita ce takardar neman aikinsa, ko da ya ke bai rubuta ta da wannan niyya ba. East bai bukaci ya tambaye shi ko ya iya Hausa ba, ga littafi a hannu. Alhaji Shehu Shagari ma yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya, tun shekaru da yawa kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Ashe ke nan makaɗin fada da malamin boko hanya ɗaya suka bi: sun riƙe abin da ke ciyar da su, sun kuma bar aikin da suka kammala ya yi magana a madadinsu. Saura mu ga yadda yaro irina zai yi amfani da wannan ranar da ya tsaya gaban mai ɗaukar aiki.

Matsalarmu ta farko kunya ce. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, yaro ba ya haɗa ido da babba, in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma mai shago da ke da mutum biyar suna jira ba shi da lokacin lallashinka. In ya ce, "To, mi ka iya?" ka ce, "Sai abin da Allah ya yi," to, zai ɗauki na bayanka. Waɗansu kuma don gudun wannan sai su faɗa ɗaya ramin, su zama maroƙan kansu, su ce babu na'urar da ba su sani ba, alhali kuwa sau biyu suka taɓa kwamfuta. Maganin duka biyun ɗaya ne, ka zo da abin nunawa. Faɗin abin da ka aikata da ranar da ka aikata shi ba yabon kai ba ne, shaida ce.

Na ga wannan a wurin wani ɗan kawuna da ya iya zane tun yana ƙarami. Da ya gama sakandare ya je neman aiki wani shagon buga takardu a Ƙaura. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya tara hotunan allunan shaguna guda takwas da ya rubuta wa mutane a unguwa, da katin gayyatar aure da ya zana wa yayarsa, ya jera su cikin fayil mai tsabta. Bayan gaisuwa, da aka tambaye shi abin da ya iya, ya ce, "Alhaji, buga rubutu ina kan koyo, ban yi sauri ba tukuna, amma ga abin da hannuna ya yi." Mai shagon ya daɗe yana juya takardun, domin kullum ana kawo masa aikin katin biki yana turawa wani wuri. A ranar suka shirya, har da sharaɗin cewa yammacin Jumma'a da ranar Lahadi nasa ne, ya yi zanen kansa. Abin da ya burge ni shi ne ya faɗi inda bai ƙware ba da bakinsa, kafin a gano.

Ba kowane aiki ne fasaharka za ta shige gaba a cikinsa ba, wannan sai an yi hankali. In wurin yana bukatarta, kamar mai zane a shagon buga takardu, ko mai wasan kwaikwayo da ke neman koyar da 'yan firamare, ko mai tsara waƙa a gidan rediyo, to, ita ce jarinka, ka sa ta a gaba. In kuwa rumfar cirar kuɗi ce ko ɗakin sayar da magani, mai wurin lissafi da amana da sammako ya ke nema. A nan layi ɗaya ya isa a ƙarshen takardar bayanin kanka, wadda a ke kira sibi. Ko a layin nan ma akwai dabara. "Ina son wasan kwaikwayo" ba ya gaya wa kowa kome. "Na shugabanci ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu shekara ɗaya, da mutum 20, na riƙe kuɗinta, muka yi wasa uku" yana gaya masa ka iya tafiyar da mutane, an taɓa ba ka amanar kuɗi, kuma in ka fara abu kana kai shi ƙarshe. Sai dai ya zama gaskiya ne, kuma akwai malamin da zai shaida. Shi ya sa ya kamata kowa ya nemi izinin malamin Hausa ko na ƙungiyarsa tun kafin ya bar makaranta, ya karɓi lambarsa.

Ɓoyewa kuwa ba ta da amfani ko kaɗan. Garuruwanmu ƙanana ne, wanda ya yi waƙa a biki a Zurmi daren Asabar, kafin azahar ɗin Lahadi an gan shi a waya a Ƙaura. Gara mai gida ya ji daga bakinka, tare da tabbacin cewa ba za ta taɓa lokacinsa ba. Kuma tun da zancen waya ya zo, mu sani shafinmu na Facebook da TikTok yana riga mu isa. Mai ɗaukar malami in ya ga hoton mai nema yana zagin wani ko yana rawar da ba ta dace ba, ba zai gaya masa dalili ba, zai dai ce a dawo wani mako. Laƙabin da abokai suka sa maka na wasa shi ma ka bar shi a dandali. A takardar neman aiki da adireshin imel sunan yanka da na mahaifi a ke sawa, daidai da yadda su ke a takardar jarrabawa.

Zancen albashi shi ne wanda kunya ta fi kashe mu a kansa. A 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau kusan duk shagunan da za su ɗauke mu. Saboda haka babu mai tsaya maka sai bakinka. Ka tambaya cikin ladabi nawa ne, yaushe a ke biya, ƙarfe nawa a ke tashi, wace rana ce hutu, kuma a yi maganar gaban wani babba naka. Ga mai fasaha tambayar lokaci ta fi ta kuɗi nauyi. Aikin da ya fi tsoka amma ya cinye ka daga asuba har bayan lisha, kwana bakwai a mako, ya saye baiwarka ne a kan farashin da ba ka sani ba.

In an ɗauke ka kuma, lokacin mai gida amana ne. Na san wani saurayi mai murya, wanda aka ba tsaron shago, aka kira shi biki ba zato, ya ja ƙofa ya tafi da nufin ya dawo kafin la'asar. Bai dawo ba sai washegari. Ya samo abin da ya fi albashin mako, ya rasa aikin, bikin gaba kuwa bai zo ba sai bayan wata biyu. Da ya nemi izini tun da wuri, ko ya kawo ƙanensa ya zauna, da watakila ya tsira da duka biyun. Haka kuma kuɗin ciniki ba na biyan situdiyo ba ne, ko da da niyyar mayarwa gobe. Wanda kuma Allah ya ba aikin gwamnati ya san cewa Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana cikakken ma'aikaci gudanar da kasuwanci nasa na kansa, in ban da noma. Kafin ya buɗe shagon ɗaukar waƙa da sunansa sai ya tambayi masana.

Ita fasahar fa, yaushe za a yi ta? A nan makarantar kwana ta yi mana gata ba mu sani ba. Mun saba da cewa kowane abu yana da sa'arsa, ko kana so ko ba ka so. Wanda ya ware sa'a ɗaya bayan sallar asuba, kullum, ya rubuta shafi ɗaya, a shekara yana da shafi 365, littafi ke nan har da ragowa. Wanda ke jiran ranar da zai sami sarari da nishaɗi, zai tsufa yana ba da labarin littafin da ya kusa rubutawa. Asuba ta fi dare, domin da dare aiki ya riga ya tsotse mutum, ga kuma hira tana kira.

Iyayenmu, ku gafarce ni, ina da roƙo gare ku. Na san abin da ku ke tsoro. Ba ku son a ce ɗanku ya zama maroƙi, ko 'yarku ta shiga abin da zai zubar da mutuncin gida, kuma tsoron nan yana da tushe. Amma yaga littafin waƙa ko ƙona takardun zane ba ya kashe abin, sai dai ya mai da shi ɓoye, inda ba ku da ido a kansa. Ya fi kyau baba ya ce, "Kawo in gani," ya karanta, ya gyara inda ya saɓa wa tarbiyya, sa'an nan ya tambaya, "To, wace sana'a za ka haɗa da wannan?" 'Yan'uwanmu mata masu zanen lalle da saƙa da rubutun labari su ma tambayar da ta dace da su ke nan. Yaron da aka yi wa haka zai riƙa kawo shawara gida.

Saura magana ɗaya, wadda na san ita ce ke zuciyar kowane mai waƙa a makarantar nan: yaushe mutum zai ajiye aikin ya rungumi fasahar kaɗai? Ba ranar da aka yi masa liƙi mai yawa ba, ba kuma ranar da mutum dubu goma suka kalli waƙarsa ba. Ya sami ƙaramin littafi ya riƙa rubuta duk abin da fasahar ta kawo da duk abin da ta ci, kuɗin mota da na situdiyo da na fenti da rabon yara, wata goma sha biyu cur. Watannin bayan salla da na kaka za su yi kyau, wannan kowa ya sani. Shafukan da zai duba su ne na watan azumi, sa'ad da bukukuwa ke tsayawa, da na tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya yi tsada kuma kowa ya ɗaure bakin aljihunsa.